Likita ya ce ana gado, sai aka rufe shirin

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan tashar nan taku, ina neman ɗan fili in yi tsokaci a kan shirinku na kiwon lafiya na makon jiya. Ana dab da rufewa wata baiwar Allah ta bugo waya tana tambaya ko ana gadon shanyewar ɓarin jiki, domin ita ce ajalin mahaifinta da kakanta. Likita ya ce eh, ana gado. Bai kai ga ƙara komai ba sai kiɗan rufe shiri ya taso. Ban ga laifinsa ba, lokaci ne ya ƙure masa. Amma da na ji yadda matar nan ta ce "to, na gode" da sanyin murya, na san abin da ta koma ɗaki da shi, don ni ma na yi shekaru ina kwana ina tashi da shi.

Ni ba likita ba ne. Malamin makaranta ne, ilimin halittu nake koyarwa a wata sakandare a nan Jos. Abin da ya sa ni bin diddigin wannan magana a gidanmu ya faru.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, dillalin tumatir ne a kasuwar Farin Gada. Wata asuba cikin hunturu, irin sanyin nan na Jos da sai an ɗumama ruwa kafin a yi alwala, yana tsugune a bakin rariya sai muka ji buta ta faɗi. Ya miƙa hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya buɗe baki zai kira yayana, maganar ta fito kamar ya cika baki da tuwo, leɓen ya karkace gefe guda. Gwaggonmu na zuwa ta ce ai iska ce ta buge shi, wa ya aike shi bakin rariya da duhun asuba? Aka kawo garwashi aka yi hayaƙi, aka karɓo rubutu, aka yi ta murza masa hannu da mai. Sai a rana ta uku muka kai shi asibiti. Da aka auna jininsa 210 bisa 120 ne. Likita ya tambaya ko yana shan maganin hawan jini. Innarmu ta ce an taɓa ba shi shekara uku da suka wuce, ya sha na wata guda ya ajiye, ya ce shi ba ya jin ciwon komai, don me zai zama bawan ƙwaya. Likitan bai yi mana faɗa ba. Cewa kawai ya yi da a awannin farko muka zo, da akwai abin da za a gwada. Baba ya yi shekara huɗu a kwance.

Da yake wansa ma haka ya ƙare, sai unguwa ta raɗa wa abin suna, "ciwon gidan su Malam". Har wani da ke neman ƙanwata ya janye, danginsa suka ce ba za su kwaso wa zuriyarsu shanyewa ba. Mu kanmu muka yarda. Yayana in ya ji hannunsa ya yi sanyi cikin dare sai ya tashi zaune ya kama salati.

An yi wani babban bincike a Najeriya da Gana mai suna SIREN, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya na cikin wuraren da aka yi shi. An ɗauki mutum sama da 2,000 da suka sami shanyewar ɓarin jiki, aka gwada kowannensu da wani sa'ansa da bai samu ba. Sakamakon da ya fito a 2018 ya ɗora wa hawan jini alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ciwo a yankinmu. Bayansa akwai kitse a jini, ciwon sukari, tumbi, taba, rashin motsa jiki, yawan cin nama, damuwa, da barbaɗa gishiri a kan abincin da an riga an dafa. An kuma ga cewa masu cin ganye a kai a kai sun fi tsira. Gado na nan a ciki, don wanda iyayensa ke da hawan jini ya fi kusa da samunsa. To amma abin da ake gada ɗin shi ne saurin hawan jinin, shi kuwa ana auna shi a minti biyu a kowane kemis, ana kuma riƙe shi da ƙwaya ɗaya ko biyu a rana. Mu biyar ne a ɗakinmu. Da muka je aka auna mu, uku muna da shi, har da ni, kuma babu wanda ya taɓa jin ko ciwon kai.

Na lura kuma ba jinin Baba kaɗai muka gada ba, har da tukunyar gidansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a wuni ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma na cikin dunƙule ma a lissafe yake. A gidanmu miya ɗaya sai ta ci dunƙule shida, ga gishiri, ga yaji a gefe shi ma an daka shi da dunƙule. Abin dariya abin takaici, kullum a Farin Gada ake loda kabeji da karas da latas da koren wake a manyan motoci a yi Legas da Fatakwal da su, mu da muka loda mu dawo gida mu ci taliya da manja. In an ga magidanci da kwaɗon zogale ko na rama sai a ce ko dai babu ce ta kama shi.

Ciwon mantuwa na tsofaffi ma haka zancen yake. Tun 1992 aka fara bin tsofaffin Yarabawa a Ibadan ana gwada su da tsofaffin baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis a Amurka, waɗanda galibin kakanninsu daga yammacin Afirka aka kwashe su. Adadin masu kamuwa a Ibadan kowace shekara bai kai rabin na can ba. Akwai ma wata ƙwayar gado, APOE4, da ke ƙara haɗarin ciwon sosai a tsakanin Turawa, amma a Ibadan sai aka ga ƙarfinta ya ragu. Tsatso kusan ɗaya, ci da sha da zaman duniya daban.

Inda nake so a ji tsoron gado da gaske, can ne kuma muke sakaci. Ƙanwar tawa ta yi aure daga baya. Dangin mijin sun bincika asalinmu har kaka da kakanni, amma babu wanda ya ce a je a gwada jini. Ita AS, shi AS. Ɗansu na biyu ya zo da sikila. Wannan gado ne tsantsa, ba ruwansa da gishiri ko tumbi: duk cikin da irin waɗannan ma'aurata suka samu, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kusan jarirai 150,000 ake haifa da ita a ƙasar nan duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024, kuma ina ganin limamanmu na Jos ba sai sun jira doka ba kafin su riƙa tambayar takardar gwaji a wajen ɗaurin aure.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne sikila ba a ƙashi kaɗai take tsayawa ba. Ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kamar lauje suna ƙuntata jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, har yaro ɗan shekara shida ya wayi gari da irin ciwon da ya kwantar da kakansa. In ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin goma na masu SS na samun shanyewa kafin su kai shekara 20. Akwai na'urar da ake ɗora wa yaro a gefen kai, kusa da kunne, ta auna gudun jini a jijiyoyin, ba allura ba ciwo. In jinin na gudu fiye da kima, alama ce hanya ta matse. Ana so a fara wannan awon tun yaro na shekara 2.

An yi wa ɗan ƙanwata awon yana shekara bakwai, aka ce yana cikin haɗari, aka rubuta masa wani magani, haidroksiyuriya. Bayan kwana huɗu ta zo gidana da daddare, ko mayafi ba ta gyara ba, ta ajiye mini kwalin a kan tabarma tare da 'yar takardar nan mai ƙananan rubutu da ake naɗewa a ciki.

"Yaya, karanta mini nan. Maƙwabciyata ta ce maganin ciwon daji ne. Ashe abin da yaron nan ke da shi ke nan kuka ɓoye mini?"

Na duba, gaskiya ne, an rubuta sankarar jini a jerin cututtukan da yake magani. Na tambaye ta ko tana ba shi. Ta ce tun shekaranjiya ta daina, har ta yi niyyar zuba sauran a masai.

Daren nan sai da na koma malamin aji. Maganin tsoho ne, tun 1967 aka amince da shi a Amurka don ciwon daji, saboda yana rage saurin hayayyafar ƙwayoyin jini a ɓargo. Ana cikin amfani da shi masu bincike suka lura yana sa jiki ya koma ƙera irin jinin da jariri ke da shi a cikin uwa, wanda ba ya lanƙwashewa. Shi ya sa jariri mai sikila ke yin watannin farko lafiya lau, sai wannan jinin ya ja baya ciwo ke bayyana. A 1998 aka amince a riƙa bai wa masu sikila. A ƙasashen masu hali, yaron da awo ya nuna yana cikin haɗari ƙarin jini ake yi masa kusan duk wata. A nan wa zai iya? Ina jinin, ina kuɗin? Wannan ta sa likitocinmu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, tare da takwarorinsu na Jami'ar Bandabilt ta Amurka, suka gwada haidroksiyuriya a madadin ƙarin jinin. Yara 220 aka bi, aka fitar da sakamako a 2022: maganin ya kare mafi yawansu, kuma ƙaramin awon maganin ma ya yi aikin da matsakaici ya yi. A kan 'ya'yanmu aka yi binciken nan, da Hausa aka yi wa iyayensu bayani, amma ban taɓa jin an ba shi ko minti goma a rediyo ba.

Ta ce, "To me ya hana su gaya mini tun a can?" Ban da amsa. Layi ne mai tsawo, likita ɗaya, ya rubuta ya miƙa. Ta mayar da kwalin jaka. Yanzu shekara uku ke nan yaron na sha, ana duba jininsa lokaci zuwa lokaci, don maganin na iya rage ƙwayoyin jini fiye da yadda ake so, shi ya sa ba a sayensa a sha da ka.

Kada kuma wani ya ji wannan ya ɗauka duk maganin daji maganin ƙwaƙwalwa ne. Akwai nilotinib, shi ma na sankarar jini. Wajen 2015 aka gwada shi a kan mutum 12 masu ciwon karkarwa, wanda ake kira Fakinsan, ko wani ciwon mantuwa mai kama da shi, a Jami'ar Jojtawun ta Amurka, aka ce sun ji sauƙi, jaridu suka ɗauka. Da aka sake gwaji mai faɗi, wasu aka ba su na gaske wasu aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, sai aka ga bai tsinana abin kirki ba, ɗan kaɗan ne ma yake isa ƙwaƙwalwar. Irin labarin farkon nan ne ke yawo a WhatsApp shekara da shekaru, na biyun kuwa ba mai turawa.

Tunda na ambaci ciwon karkarwa, a 2023 masana, ciki har da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas, sun gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarinsa, wanda kusan a jinin 'yan asalin Afirka kaɗai ake samunsa. Shekara da shekaru ba a gan shi ba don jinin Turawa aka yi ta dubawa. A ɗaya gefen kuma, bincike da dama sun danganta ciwon da maganin kashe ciyawa irin su farakwat, wanda Tarayyar Turai ta haramta tun 2007. Duk wanda ya bi gonakin bakin rafi a nan Filato ya ga samari da tankin feshi a baya, ba takunkumi, ba safar hannu, wani ma da ƙafa ba takalmi, in ya gama ya ɗauraye hannu sama-sama ya ɓare rake.

Roƙona, ya Edita, ku sake gayyato likitan nan, ku ba tambayar matar shiri guda sukutum, a fara da ita, kada a bar ta sai ƙarshe. A faɗa wa mutane da Hausar da za su gane cewa in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, mota ake nema a lokacin, addu'a a yi ta a hanya. A kuma kawo wanda zai yi wa iyayen masu sikila bayanin awon kai da inda ake yinsa a Jos. Ita kuwa baiwar Allahn da ta bugo waya, in tana ji, ta biya kemis mafi kusa gobe da safe a auna ta, ta rubuta lambar a takarda, ta koma bayan kwana biyu a sake. In ta ga yana kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ta nufi asibiti da takardar a hannu, ta ja 'yan'uwanta su ma.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Unguwar Rogo, Jos.