Barka da sallah daga Darussalam, mun kai jikokinku dajin Mikumi

Assalamu alaikum Umma da Abba,

Barkanmu da sallah, Allah ya maimaita mana, ya karɓi ibada. Ina fatan an sauko idi lafiya, ya ƙafar Abba, da sauƙi dai ko? Ranar sallah sau uku ina kira layin na yankewa, muryar Umma kawai na ɗan ji sama-sama, shi ne na ce bari in zauna in rubuta a karanta muku, don labarin da ke bakina ya fi ƙarfin kiran minti biyu.

Bana ba mu zauna a gida ba. Wannan ce sallarmu ta huɗu a Tanzaniya kuma kun san yadda take zuwar mana, a dawo daga masallaci a rufe ƙofa, yara su kama waya, mamansu ta yi shiru ni ma in yi shiru, kowa da wanda yake kewa. Na ce wannan karon a'a. Washegari bayan asuba muka zuba su a mota muka ɗau hanyar Morogoro, za mu dajin Mikumi, kusan kilomita 300 yamma da nan.

Hanyar dai sai haƙuri, tireloli da tankokin mai ne jere kamar an ɗaura su da igiya, don titin shi ne ke tafiya har Zambiya. Kafin Chalinze auta ta yi amai sau biyu, muka tsaya aka canza mata kaya, daga nan ta yi barci. Wajen Morogoro ne gari ya buɗe, ga duwatsun Uluguru gajimare ya sauko ya zauna a kansu, ga gonakin wani tsiro mai kama da ganyen abarba da ake igiya da shi, layi-layi har iya ganinka.

To Abba ga abin da ya ba ni mamaki. Ni na ɗauka sai mun isa wata ƙofa an buɗe mana sannan za a fara ganin dabba, ashe titin da kansa ne ya ratsa ta tsakiyar dajin, wajen kilomita 50, ba katanga ba shinge. Kana tafe kawai sai ka fara cin karo da tuddan rage gudu, sai alluna a gefe da hoton dabba da tarar da za ka biya in ka buge ta, kowace dabba da kuɗinta. Mijin Umma yana cikin karanta allon ne ya ƙwala ihu, Baba tsaya tsaya! Raƙumin dawa ne a gefen titi, bai fi taku ashirin da mu ba, yana zaro wannan dogon harshen baƙi-baƙi yana naɗo ganye daga cikin ƙaya, ko a jikinsa, yana tauna yana kallonmu ta sama da gashin idonsa zara-zara. Motar ta yi tsit. Takwarar Umma da bakinta ba ya hutawa sai da ta yi minti guda ba ta ce uffan ba, can ta ce a hankali, ashe da gaske akwai shi. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, yarinya 'yar shekara bakwai duk abin da ta sani na dawa a waya ta gan shi ko a bakinki ta ji in kina musu tatsuniya ta bidiyo.

Mun kwana a wani ƙaramin masauki a garin Mikumi, da sassafe muka shiga ciki sosai da ɗan rakiya. Auta ba a karɓi kuɗinta ba tunda ba ta kai shekara 5 ba. Mutumin ya san aikinsa, shi ya faɗa mana tun 1964 aka keɓe wurin, faɗinsa murabba'in kilomita 3,230, ta kudu kuma ya haɗe da dajin Nyerere wanda ya ninka shi nesa ba kusa ba, dabbobi na kai da kawo tsakaninsu. Doka ta farko ba a sauka daga mota sai inda aka ware, ta biyu ba a ba dabba abinci, ta uku a rage murya. Ta ukun ce ta wahalar da mu.

Akwai wani fili da suke kira Mkata, shimfiɗe, ciyawa ta fara ja tunda damina ta wuce, ga kuka da tsamiya da giginya jefi-jefi. Nan muka ga jakin dawa garke guda, da ɓauna carki na bin bayansu yana cire musu kaska, da barewa ba adadi, da mugun dawa yana gudu wutsiya a tsaye 'ya'yansa na biye. Burtu ma mun gani yana takawa ƙasaita. Yaran suna faɗin sunan da Suwahili, twiga, tembo, pundamilia, ni kuma ina mayar musu da Hausa ina sa su maimaita, don na lura mijin Umma ya san kiboko amma bai san dorina ba, abin bai min daɗi ba ko kaɗan, kuma na ɗau niyyar gyarawa.

Giwaye su ne suka tare mu. Bakwai ne, babbar uwa a gaba, suka fito daga dama za su tsallaka, ɗan rakiya ya ce in kashe mota. Akwai ɗan ƙarami a tsakiyarsu da ko hancinsa bai iya riƙewa ba, yana ta lilo da shi yana takawa, uwar ta tsaya a tsakiyar hanya ta buɗe kunnuwa tana fuskantarmu har sai da ya haye sannan ta bi. Kana jin ƙarar ciyawa da suke tumɓukewa da wani gurnani can ƙasa daga cikinsu, amma takun ƙafa ko kaɗan ba ka ji, dabba mai wannan girman. Da aka ce wata 22 take ɗaukar ciki, maman yara ta ce ai dole ta tsare hanya. Ni kuwa Umma ke na tuna.

Tafkin dorina ba nisa da ƙofar shiga, can aka bari muka sauka. Suna kwance a ruwa sai ido da kunne, sai dare suke fitowa kiwo, ga kada a bakin gaɓa baki buɗe. Hannun auta ban sake shi ba har muka koma mota. Zaki dai ba mu gani ba, mun zaga har rana ta take, mijin Umma har da ƙwalla. Ƙudan tsando kuma ya ciji mamansu a wuya, ashe baƙin kaya da shuɗi ke jawo shi, ita kuma baƙin mayafi ta sa, amma ya baje ba komai.

Abu ɗaya ya ɓata min rai. A hanyar dawowa muka ga wata bas an wurgo ɓawon ayaba da robar ruwa ta taga, birai suka rugo kan titi suna wawa, manyan motoci na tahowa. Da haka ake saba musu da zaman bakin titi har mota ta take su, kuma mun ga guda a kwance gaba kaɗan, ɗanta na zaune kusa da ita. Takwarar Umma ta yi ta tambaya wa zai ba shi nono, har muka wuce Morogoro tana maganar.

Abba, Umma, don Allah maganar fasfo ɗin nan a daure a yi ta. Duk abin da na gani sai in ce da Abba na nan, kujerar gaba taka ce, ba tafiyar ƙafa a ciki, kana zaune za ka ga komai, kuma daga watan Yuni zuwa Oktoba ne lokacin rani da dabbobi ke taruwa bakin ruwa. Yara sun ce ba za su koma neman zaki ba sai da ku.

Hotuna na tura wayar Yaya ta WhatsApp, akwai bidiyon giwar, a ƙara murya za ku ji auta tana cewa sannu giwa. A gaida Yaya da iyalinsa, da su Gwaggo da Kawu, da duk wanda ya tambaye mu. Mamansu na gaisuwa sosai. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Ɗanku.