Barka da Sallah, Baba: Labarin Tafiyata da Yara Goma Sha Biyu

Laraba, 1 ga Shawwal 1445 (10 ga Afrilu, 2024)

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Umma, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ina gaida Yaya da iyalinsa. Auta, na san ke za ki karanta musu wannan takarda, to ki bi ta a hankali, kada ki tsallake inda kika ga ya yi tsawo.

Ɗazu da muka yi waya bayan an sauko daga Idi, Umma kun ce muryata ta dishe, ko mura nake yi. Ba mura ba ce, ihun bakin fili ne. Kwana goma ke nan da dawowarmu, kuma tun da muka sauka ban daina fita horo ba, shi ya sa maƙogwaron bai koma daidai ba. Baba kuma kun yi mini tambaya layi ya katse kafin in amsa: me zai kai mutum wata ƙasa a tsakiyar azumi saboda ƙwallo? Tambayar ta tsaya mini a rai tun safe, kuma amsarta ta fi ƙarfin waya.

Kun san yaran da nake horarwa a nan Ingila 'yan ƙasa da shekara 16 ne. A hutun Ista na bana aka karɓi ƙungiyarmu a wata gasar ƙwallon kwando ta matasa a Biyana, babban birnin Ostiriya, inda ƙungiyoyi ke haɗuwa daga ƙasashen Turai daban-daban. Yara 12 na ɗauka, da mataimakina guda ɗaya. Tun watan Janairu nake fama da takardu. Kowane yaro sai da iyayensa suka sa hannu a takardar amincewa, aka rubuta mini ciwon da yake da shi, da maganin da yake sha, da abin da jikinsa ba ya karɓa, da lambar wanda zan kira in wani abu ya taso cikin dare. Su yaran fasfonsu kawai ya ishe su shiga. Ni kuwa sai da na nemi bizar Shengen, wato takardar izinin shiga ƙasashen Turai irin su Ostiriya, aka ɗauki zanen yatsuna, na kai wasiƙar gayyata da inshorar lafiya wadda doka ta ce kada ta gaza ta Yuro 30,000. Saura kwana shida mu tashi fasfona ya dawo hannuna. Kwanakin nan ban faɗa muku ba don kada hankalin Umma ya tashi, amma kullum sai na raya a raina wa zai tafi da su in ba a ba ni ba.

A filin jirgin sama ne na fara sanin nauyin abin da na ɗauko. Mahaifiyar yaron da ke sa riga mai lamba 7, ma'aikaciyar jinya ce, daga aikin dare ta taho ko gida ba ta biya ba. Yaron yana da asma. Ta miƙa mini abin shaƙarsa guda biyu, ta ce ɗaya a aljihunsa, ɗaya a nawa, domin ta san halinsa da mantuwa. Sannan ta kalle ni ta ce wannan ne karo na farko da zai kwana nesa da ita. Ba ta ƙara komai ba. Baba, a take na tuna ranar da kuka raka ni zan baro gida, kuka riƙe hannuna kuka daɗe ba ku saki ba, ni kuma idona yana kan hanya. Sai a ranar na fahimci abin da ke cikin wannan riƙon.

Fasfo 12 na tattara a ƙaramar jaka na rataya a wuya, a ƙarƙashin riga. Da ita nake kwana, kwana biyar ɗin nan ban cire ta ba sai in zan yi wanka. Ƙidaya kuwa ta zama mini kamar tasbihi. A ƙofar jirgi in ƙirga, an sauka in ƙirga, za a shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa in ƙirga, ƙofa ta rufe in sake. Sau ɗaya na ƙirga na samu 11, gabana ya yanke ya faɗi, ashe guda ya durƙusa bayan jakunkuna yana ɗaure igiyar takalmi.

Masaukinmu aji ne na wata makaranta. An ture tebura gefe, kowa ya shimfiɗa katifar iska ya shige bargonsa mai zik. Aji na kusa da mu 'yan Italiya ne, na ƙarshen baranda 'yan Hangari. Daren farko ba wanda ya runtsa da wuri. Ni a bakin ƙofa na shimfiɗa tawa, yadda duk mai fita sai ya tsallake ni. Kafin in kwanta sai da na hura ƙwallayenmu, don mun sace musu iska kafin a sa su a jirgi.

Uku daga cikin yaran Musulmi ne. Tun kafin mu taso na zauna da iyayensu kan maganar azumi. Na ce musu Allah da kansa ya yi wa matafiyi rangwame a Suratul Baƙara, ya sha ya rama daga baya, kuma wasa biyu a rana ba ƙaramin aiki ba ne ga jikin yaro. Biyu suka ɗauki rangwamen. Na ukun, mai lamba 11, ya ce shi zai yi, mahaifinsa kuma ya amince bisa sharaɗin in na ga alamar galabaita in sa shi ya karya. Shi ne ya kawo mini labarin Hakeem Olajuwon, ɗan wasan da ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995, kuma aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairu na 1995 alhali azumi yake yi a watan. Na ce masa gaskiya ne, amma Olajuwon a lokacin ya haura shekara 30, ya san jikinsa, kai kuwa ni zan san maka naka. Don haka minti huɗu-huɗu nake sa shi, in fitar da shi, in duba leɓɓansa da idonsa. Da asuba mu biyu kaɗai muke tashi, mu zauna a kan matakalar bene da hasken waya, mu yi sahur muna magana ƙasa-ƙasa don kada mu tashi saura. A waɗannan zaman ne yaron da bai cika magana ba ya faɗa mini abubuwan da ke damunsa a makaranta, waɗanda wata takwas muna tare a fili ban taɓa sani ba.

Baba, tunda ba ku taɓa kallon wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutum biyar-biyar ne a fili mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15. Kwandon yana sama da ƙasa da mita 3.05. In ƙwallo ta zo hannunku, daƙiƙa 24 gare ku ku jefa, in ba haka ba a karɓe a ba abokan karawa. Jifa daga kusa maki biyu ne, daga bayan babban layi maki uku. Wanda ya yi keta sau biyar an kore shi daga wasan. Wani malami ne, James Naismith, ya ƙirƙiro shi a 1891 a Amurka, don ya sama wa ɗalibansa abin yi a cikin ɗaki lokacin da sanyi ya hana su fita. Ina son in riƙa tuna cewa malami ne ya fara shi, kuma don yara.

Wasanmu na farko da wata ƙungiyar Jamus ne, muka ci. Yaran nasu sun shigo da ƙwarin gwiwa, dama ƙasarsu ce ta ɗauki kofin duniya bara a Manila, bayan ta doke Sabiya 83 da 77. Namu sun fi su gudu, da gudun muka rinjaye su. Na biyu ma muka ci. Yara suka fara tafiya da ƙafaɗa a sama.

Sai muka haɗu da 'yan Sabiya. Gaba da gabanta. Ba su fi mu tsayi ba, ba su fi mu ƙarfi ba, kuma ko kusa ba su kai mu gudu ba. Amma ƙwallo ba ta kwana a hannun kowa. Kafin ɗan wasana ya juya, ta wuce hannu huɗu. Wanda ba ya riƙe da ita ma ba ya tsayawa, ko yana tare wa ɗan'uwansa mai gadi, ko yana silalewa ta bayan namu zuwa ƙarƙashin kwando. Na ga yaro yana da damar jefawa, fili a buɗe gabansa, ya miƙa wa wanda ya fi shi kyakkyawan wuri ba tare da ko ya kalle shi ba. Sun ba mu ratar maki 19. Ban ji haushi ba, wallahi, littafina na ciro ina rubutu a tsaye. Shekara shida ina gaya wa yara su miƙa ƙwallo, abin da bakina ya kasa koya musu, yini ɗaya idonsu ya koya musu. Gani ya kori ji. Da yamma na nemi kocinsu, dattijo mai furfura, Turancinsa kaɗan ne. Ya karɓi ɗan allona ya zana mini atisayen da suke yi tun yaran suna shekara 9: a yi wasa an hana buga ƙwallo a ƙasa sam, sai miƙawa da motsi. Bai ɓoye mini komai ba.

Wasan da ya fitar da mu shi ne da maƙwabtanmu na aji, 'yan Italiya, ranar Alhamis da la'asar sakaliya. Saura daƙiƙa 9 a tashi, suna gabanmu da maki biyu, ƙwallo tamu. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, koci ne kaɗai ke da ikon neman hutun minti ɗaya, sai na je tebur na nema. Yara suka kewaye ni, gumi yana ɗiga a kan allon. Na zana musu: mai lamba 11 ya jefo daga gefe, babban cikinmu ya tare hanya, mai lamba 7 ya zagayo ya karɓa ya kutsa. Haka kuwa aka yi, kamar da alƙalami aka ja su. Ya tashi zai jefa aka bugi hannunsa, alƙalin wasa ya busa usur. Jifa biyu daga layi, ba mai tare shi, kowane maki ɗaya. Saura daƙiƙa ɗaya da ɗan abu.

Ɗakin ya yi tsit. Na farko ya shiga ko ƙarfen bai taɓa ba. Ya goge tafin hannunsa a wando, ya buga ƙwallo sau uku kamar yadda ya saba, ya saki. Ta bugi bakin ƙarfen ta gaba, ta zagaya, ta faɗo waje. Da maki ɗaya aka fitar da mu.

Bayan an gaisa an watse na ƙirga, 11. Wannan karon na san inda zan nema. Na same shi a bayan ɗakin canza kaya, zaune a ƙasa, ya ja rigarsa ya rufe fuska, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana jan zarto. Abin shaƙarsa yana cikin jaka can a fili. Na ciro na aljihuna na ba shi, na zauna kusa da shi a kan simintin. Ban ce masa ba komai ba ne, domin ya san da komai, kuma yaro yana gane lallashin ƙarya. Sai da numfashinsa ya daidaita na ce masa ni na zaɓe shi, kuma in an dawo da daƙiƙa taran nan shi zan sake zaɓa. Muna nan zaune mai lamba 11 ya leƙo, ya nuna mini agogo, shida da kwata ta gota, rana ta faɗi. Dabino uku ne a hannunsa. Ya ba ni ɗaya, ya ɗauki ɗaya, ya ɗora na ukun a gwiwar ɗan'uwansa, wanda ba addininsu ɗaya ba, ya zauna a ɗaya gefen. Ba wanda ya yi magana a cikinmu har aka zo kashe fitila.

Washegari Juma'a ba mu da wasa. Na bar sauran da mataimakina, na ɗauki yaran uku muka je babban masallacin birnin da ke bakin kogin Danub, wanda aka buɗe a 1979. Na yi mamakin jin cewa tun 1912 dokar ƙasar ta amince da Musulunci a hukumance. A sahu ɗaya akwai Baturke, da ɗan Bosniya, da Balarabe, da mu. Umma, na yi muku addu'a a can kan ciwon gwiwarku, na daɗe a sujada.

Ranar Asabar da dare muka sauka. Na ciro jakar daga wuyana, igiyarta ta bar mini shata, na miƙa wa kowane uba da kowace uwa fasfon ɗansu hannu da hannu. Mahaifiyar mai lamba 7 ta rungume shi, ta dube shi sama da ƙasa, sannan na mayar mata da abin shaƙar na ce an yi amfani da shi sau ɗaya, na faɗa mata yaushe da dalili. Da na isa ɗakina na yi barcin da rabona da irinsa tun Janairu.

To Baba, abin da ya kai ni ke nan. Kofi ba mu zo da shi ba. 'Ya'yan mutane aka damƙa mini, kuma na san tarbiyyar da kuka yi mana ce nake ta ɗiba ina ba su, a harshen da ba naku ba. Ina so ku sa wa aikin nan albarka da bakinku, don har yanzu ban ji kun faɗa ba, kuma ina buƙatar ji.

Yaya, hoton babban ɗanka da ka turo na gani, ya yi tsayi ƙwarai. Ka turo mini lambar takalminsa. Ka ce masa ya riƙa buga ƙwallo da hannun hagu minti goma kullum, idonsa a sama ba a ƙasa ba. Auta, ki ɗauko mini muryar Baba a waya in ya gama ji, duk abin da ya ce, kada ki gyara. Jibi Juma'a muna da horo da yamma, zan fara gwada musu atisayen dattijon nan, don haka sai bayan isha'i zan kira.

A gaida kowa da kowa. Umma, a ci gaba da sa mu a addu'a, ni da yaran.

Ɗanku mai kewarku.