Busasshen tafkin da ƙurarsa ke kan tagarmu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Na daɗe ina bibiyar wannan jarida, tun ina koyar da darasin labarin ƙasa a makarantar sakandare har na yi ritaya, amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau.

Abin da ya tayar da ni shi ne labarin da kuka kawo kwanakin baya game da na'urar nan Perseverance, wadda hukumar NASA ta Amurka ta sauke a duniyar Mas a watan Fabrairun 2021. Kun bayyana yadda take yawo a kwarin Jezero, wurin da masana suka ce tafki ne a zamanin da, da yadda ta ci karo da wani dutse mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa, wanda a Satumban 2025 aka sanar cewa wataƙila sawun ƙananan halittu ne da suka taɓa rayuwa a can. Labarin ya yi daɗi, kuma na yaba da kuka bar kalmar "wataƙila" a inda masu binciken suka ajiye ta. Sai dai gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Muna da namu busasshen tafkin nan kusa, har cikin ɗakunanmu yake aiko mana da saƙo duk shekara, ban kuwa taɓa ganin kun ba shi ko rabin shafi ba.

Da safiyar da na karanta labarin, hazo ya rufe Tudun Wada har ba a hango ƙarshen layinmu. Uwargida ta share tsakar gida bayan asuba, kafin hantsi ta sake ɗaukar tsintsiya tana mita. Jikata ta ja yatsa a kan rediyona ta rubuta sunanta, sai na ce ta duba yatsan da kyau. Ƙurar da Keke Napep ke tayarwa a unguwarmu ja ce, mai ɗan tsakuwa-tsakuwa. Wannan kuwa fara-fara ce, lukui kamar hoda. Na ce mata baƙuwa ce, daga Chadi ta taso.

A arewa maso gabashin Tafkin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, shi ne wuri mafi gangare a duk ƙasar Chadi. Iskar hunturu takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ruwa a mazurari, ta fito da ƙarfi ta faɗa wa kwarin nan. Kimanin kwana 100 a shekara yana tayar da ƙura, shi ya sa masana ke lissafa shi a sahun gaba cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Kaso mai yawa na hazon da ke hana jirgi sauka a Kano da Kaduna daga can yake. Farin kuma yana da dalili. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, wurin nan ƙasan wani makeken tafki ne da faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, wato ya ninka Jihar Kaduna fiye da sau bakwai. Cikin ruwan akwai wasu halittu dangin gansakuka waɗanda ido ba ya gani, masu ɗan ɓawo mai tauri. Da suka mutu sai ɓawon ya yi ta taruwa a ƙasa, da ruwa ya ƙafe ya bar shi fari fat. Shi ne iska ke niƙawa ta kawo mana.

Wanda ya ga kamar tatsuniya ce, ya tambayi mutanen Borno tudun yashin nan da ya ratsa ta Maiduguri zuwa Bama: tsohuwar gaɓar tafkin ce. Ko ya tuna kwalekwalen Dufuna a Jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kusan 8,000, kuma babu jirgin ruwan da aka gano a Afirka da ya girme shi. Shekara da shekaru ina koya wa yara sunayen kogunan Turai saboda jarrabawa, wannan kuwa sai dai in saƙala shi a ƙarshen darasi idan lokaci ya rage. Har yau abin yana ci mini rai.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki. A 2015 masu bincike na NASA, bayan sun yi shekaru suna auna ƙura da tauraron ɗan'adam mai suna CALIPSO, sun ce kimanin tan miliyan 182 na ƙurar Sahara ke fita ta gaɓar yammacin Afirka kowace shekara, kuma wajen tan miliyan 27 daga ciki na sauka a dajin Amazon, can Kudancin Amurka. Tana ɗauke da sinadarin fosforas, wanda duk manomin da ya taɓa sayen buhun kamfa ya san shi, shi ne harafin tsakiya a NPK. Ruwan sama na wanke wannan sinadari daga ƙasar dajin, ƙurarmu na mayar masa. An daɗe ana jingina wannan alheri ga Bodele, sai a 2020 wani binciken ya zo ya ce a'a, yawancin wadda ke isa Amazon daga yankin El Juf take, tsakanin Muritaniya da Mali, ita kuwa ta Bodele akasarinta tana zubewa tun ba ta yi nisa ba. Ni wannan gyaran ma ya fi burge ni, don ma'anarsa rabon namu ya fi yadda aka zata. Marigayi mahaifina yakan ce shekarar da hazo ya yi kauri gona za ta yi kyau. Muna yara muna yi masa dariya a ɓoye.

Na san wani zai ce to ai ga shi nan, yanayi dama can yana sauyawa, me ya kawo surutun ɗumamar duniya? Bushewar Sahara ta biyo bayan wani ɗan sauyi ne a yadda duniya ke karkata tana zagaya rana, abin da ke ɗaukar dubban shekaru kafin ya zagayo. Na yanzu kuwa a cikin rayuwar mutum ɗaya muke ganinsa, kuma hayaƙin man fetur da kwal da gas ne babban silarsa. Hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ta zarce duk shekarun da aka auna kafinta zafi. A Afrilun shekarar, garin Kayes na Mali ya ga maki 48.5, ana tsakiyar azumi. Mu ma nan ba mu manta daren da muka riƙa jiƙa zane muna lulluɓa ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku ware wa irin wannan ilimi fili ko sau ɗaya a wata, kuma ku fara da ƙurar nan. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar sa'a guda ce da 'yan mintuna, cike da malaman ƙasa da na noma masu jin Hausa. Ga hukumar NiMet mai fitar da gargaɗin hazo, wanda galibi da Turanci yake iso mu. A zaunar da su su yi wa mai asma da mai awon hatsi bayani: me wannan ƙura ke yi wa huhu, me ya haɗa ta da sanƙarau da ke tasowa idan iska ta bushe, kuma nawa take ƙara wa gona. Jikata ta tambaye ni ko sunan da ta rubuta a kan rediyo da gawar halittun ruwa ta rubuta shi. Na ce mata ƙwarai kuwa, sai ta ruga wanke hannu.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Kaduna.