Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Ilimi Mai Zurfi na Kamaru Kan Digirin Haɗin Gwiwa da Jami'o'in Waje

Mai Girma Minista,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Allah Ya ƙara maka lafiya da basira a kan nauyin da ke wuyanka. Ni tsohon malamin makaranta ne mazaunin Garwa, kuma tun da na ajiye alli aikin da ya rage mini shi ne karanta wa maƙwabta takardun da ba sa iya karantawa. A kowace damina, da zarar sakamakon bakaloreya, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, iyaye kan yi ta sallama a zaurena riƙe da takardun talla masu sheƙi, kowace ɗauke da tambari biyu, ɗaya na wata makaranta ta nan gida, ɗaya na wata jami'a a Faransa ko Kanada ko Maroko. Tambayarsu ba ta sauyawa: "Malam, wannan takardar gwamnati ta san da ita?" Na daɗe ina jin kunyar cewa ba ni da inda zan duba in ba su amsa, kuma wannan kunyar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Abu uku ne mabambanta ake sayar wa mutane da suna ɗaya. Akwai digirin haɗin gwiwa na gaskiya, inda jami'o'i biyu suka zauna suka tsara manhaja tare, suka koyar tare, suka ba da takarda ɗaya mai sa hannun kowannensu. Akwai digiri biyu, inda ɗalibi ke fita da takardar kowace jami'a daban. Sai kuma na uku, wanda ya fi yawa a tallace-tallace, inda jami'ar waje ta ba da aron sunanta da manhajarta kawai, aka bar wa makarantar gida dukkan koyarwa. Har a cikin takardun Faransa ma akwai rarrabewa, domin difloma ta ƙasa, wadda hukuma ta tsaya mata, daban take da diflomar da jami'a ke bayarwa da sunanta ita kaɗai. Kai ka san wannan, ranka ya daɗe, ma'aikatanka ma sun sani. Amma mahaifin da ya sayar da bijimai biyu a kasuwar shanu don ya biya kuɗin shekarar farko bai sani ba, kuma babu wanda ya ga wajibi ne ya gaya masa.

Ɗan ƙanena yana cikin waɗanda suka ɗanɗana. Ya shiga wata makaranta mai zaman kanta, wadda ba zan ambaci sunanta ba, bisa alkawarin shekara biyu a gida, ta uku a Turai, sannan takarda biyu. Malaman wajen da aka zana hotunansu a takardar talla bai taɓa ganin ko ɗaya a aji ba, sai ta allon kwamfuta, shi ma ranar da wuta da intanet suka yarda. Da shekara ta uku ta zo aka hana shi biza, sai ya tarar babu wani tanadi da aka yi wa wanda bai samu tafiya ba. Abin da ya fito da shi wata takardar shaidar halarta ce, wadda ba ta isa ya zauna jarrabawar shiga aikin gwamnati ba, ba ta kuma isa ya ci gaba zuwa masta ba. Yau yana tsaron shagon sayar da wayoyi. Ba na cewa duk makarantu haka suke, amma ba shi kaɗai na sani ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da ake yin bincike. Ƙasarmu tana da hukumar da ke duba karatun da aka yi a waje ta ba da takardar daidaito, wadda muke kira ekibalans, kuma aikinta yana da amfani. Sai dai ɗalibi ba ya isa gabanta sai bayan ya gama, wato bayan kuɗi sun tafi, shekaru sun wuce. In ta ce takardar ba ta da daraja, ta faɗi gaskiya, amma a kan ɗalibi hukuncin ya faɗa, makarantar da ta karɓi kuɗinsa kuwa tana can tana ɗaukar sababbi. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Wurin da ya kamata idon hukuma ya tsaya shi ne ranar da ake sa hannu a yarjejeniya, kafin a buga talla ko a karɓi sisin kowa.

Karatun haɗin gwiwa yana da wata larura ta musamman, wato kowane ɓangare yana zaton ɗayan ne ke sa ido. Hukumar ƙasar waje takan duba abin da ake koyarwa a harabar jami'arta, ba lallai ta aiko mutum Garwa ko Marwa ya ga ko akwai ɗakin gwaje-gwaje ba. Mu kuma a nan mukan ga tambarin Turai mu sakankance. Turawan da kansu sun sha wannan wahala. Bayan sanarwar Bolonya ta 1999 kan daidaita tsarin digiri a Turai, da shirin Erasmus Mundus na tallafa wa kwasa-kwasan haɗin gwiwa da aka fara a 2004, sun tarar kwas ɗaya da jami'o'in ƙasashe uku ko huɗu ke gudanarwa sai ya bi tantancewar kowace ƙasa daban, kowace kuma gefenta kawai take kallo. Shi ya sa ministocinsu suka amince a birnin Yereban a watan Mayun 2015 da tsari guda, inda tawaga ɗaya ke duba kwas ɗin gaba ɗayansa: matsayin kowace jami'a a dokar ƙasarta, rubutacciyar yarjejeniya, yadda ake ɗaukar ɗalibai da jarraba su, malamai da kayan aiki, tare da ziyarar gani da ido. In masu arziki da tsofaffin jami'o'i sun ga tambari bai wadatar ba, ban ga dalilin da zai wadatar da mu ba.

Kuma ba daga sifili za mu fara ba. Kamaru mamba ce a CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, da aka kafa a Yamai a 1968, wadda ke da yarjejeniyar Lome ta 1972 kan amincewa da takardun juna, da shirin tantance difloma da ke gudana har yau. Muna bin tsarin lisans (digirin farko), masta da doktora tare da sauran ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, inda ake auna yawan aikin karatu da maki, lisans 180, masta 120. Afirka na da yarjejeniyar Adis Ababa ta 2014 kan amincewa da takardun karatu. Sabuwar dokar ilimi mai zurfi ta 25 ga Yulin 2023 tana hannunka, kuma ma'aikatarka ta daɗe tana ambaton tabbatar da inganci a cikin ginshiƙan aikinta. Abin da ya rage shi ne a sauko da waɗannan daga takarda zuwa aji.

Da ni ne mai binciken, da ba zan ɓata lokaci a ofishin darakta ba. Zan nemi jadawalin darussa in ƙirga awa nawa malamin waje ya koyar da bakinsa, in tambayi ɗalibai a keɓe ko sun taɓa yi masa tambaya ya amsa. Zan nemi a nuna mini wanda ke tsara jarrabawa da wanda ke gyara ta, domin maki 30 na zango ɗaya ba su da ma'ana in ba a san aikin da aka yi aka same su ba. Zan duba ko sunan ɗalibin yana cikin rajistar jami'ar waje tun shekarar farko, tunda wanda ba a rubuta ba ba shi da haƙƙi a kanta. Sannan zan buɗe yarjejeniyar in nemi shafin da ya faɗi makomar ɗalibi idan biza ta ƙi, ko jami'ar waje ta janye a tsakiyar hanya, ko kuɗin tallafi ya yanke. Yarjejeniyar da ba ta da wannan shafi bai kamata ta samu sa hannun ma'aikata ba. Maganar kuɗi ma tana ciki, domin a jami'ar gwamnati sefa 50,000 ake biya a shekara, alhali waɗannan kwasa-kwasan sukan ninka haka sau da yawa, kuma duk ƙarin da sunan baƙon da ke jikin takarda ake karɓarsa.

Kada a fahimce ni a matsayin mai ƙin haɗin gwiwa. Mun ga amfanin da hulɗar Jami'ar Ngaundere da Jami'ar Tromso ta ƙasar Norwe ta yi tun shekarun 1990 wajen horar da 'ya'yan arewa a binciken tarihi da zamantakewa. Jami'o'inmu na wannan yanki kuma suna bukatar abokai, Marwa da aka kafa a 2008 da Garwa ta 2022 duk ƙanana ne a shekaru. Amma ƙuruciyar nan ita ce abin tsoro, domin mai neman suna da gaggawa yakan sa hannu a abin da babba zai tsaya ya karanta sau biyu.

Akwai kuma gefen da nake ganin Yawunde ba ta cika waiwaya ba. A nan arewa, "waje" ba Paris ba ce kawai. 'Ya'yanmu suna tafiya Yola da Mubi da Maiduguri, 'yan Cadi kuma sun cika Dang, inda Jami'ar Ngaundere take, da Marwa, sannan su koma Njamena da takardunmu su nemi aiki. A farkon Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna ya samu digiri a Kwatano cikin mako shida, kuma masu karatun gaskiya suka sha dukan tare da masu sayen takarda. Makarantu kaɗan marasa tsoron Allah sun isa su jawo wa takardar Kamaru irin wannan. A ɗaya hannun, matsalolin Tafkin Cadi da kogin Binuwai da noman auduga da cututtukan dabbobi namu ne mu ukun, kuma masta ɗaya da Marwa da Njamena da Maiduguri za su tsara tare zai fi mana amfani da yawancin abin da ake kawo mana daga nesa. Hakan ba zai yiwu ba sai ma'aikatarka ta zauna da takwararta ta Cadi da hukumar jami'o'in Najeriya, an yarda da ma'auni ɗaya da tawagar bincike ɗaya, wadda masu cikinta ba ma'aikatan jami'ar da ake bincika ba ne.

Roƙona na gaggawa bai kai wannan nisa ba, ranka ya daɗe. A fitar da jerin duk kwas ɗin haɗin gwiwa da ma'aikata ta duba ta amince da shi, da sunan jami'ar waje, da irin takardar da ake bayarwa, da shekarar da amincewar za ta ƙare. A fitar da shi kafin sakamakon bakaloreya, a liƙa a kowace makarantar sakandare, a karanta a rediyo da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa, a kuma hana duk makarantar da ba ta cikin jerin buga tambarin wata jami'ar waje a tallarta. Iyayen da za su zo zaurena a damina mai zuwa, wannan jerin nake so in buɗe musu.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin makaranta,
Garwa, Jihar Arewa.