Koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram kan binciken ruwa, wuta da abinci

Allah ya ja zamanin Sarki, bayan gaisuwa da ban girma.

Mu ne masu garake na Mirya da kwarin Korama, da 'yan garuwa da masu injin niƙa na cikin birni.

Sarki ya fi mu sanin cewa Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya da Arungusa, kuma da wuta ake turowar. In wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, kuɗin jarka ya hau, injin niƙa ya yi shiru. Mun gani a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu. A garake ma haka ne: tsadar mai ta sa wasu sun maida injin ban ruwa na gaz, wasu na hasken rana. Mai na rana kuwa, tun da ba ya sayen mai, sai ya bar shi yana zuba har la'asar, rijiyar maƙwabci tana ja da baya. Ba mai auna abin da ake kwasa.

Masu bincike suna zuwa, ranka ya daɗe. Wannan ya tambayi rijiya, wancan ya tambayi rake da tumatir, wani ya tambayi itacen girki, kowa da takardarsa, ba mai haɗa su wuri guda. Ɗalibai 'ya'yanmu sun ce alƙaluman a warwatse suke, kowane ofis ya kulle nasa, na wasu shekaru ma babu. Abin da aka gano a rubuta da Faransanci a tafi da shi. Manoma har sun fara ɓoye gaskiya, suna tsoron haraji ne ke tafe.

Muna roƙon Sarki ya kira zama a fada, da hukumomin ruwa da wuta da noma, da malaman Jami'ar André Salifou, a yarda da musayar alƙaluma. A umarci masu gari su zaɓi rijiyoyin da za a riƙa auna zurfinsu rani da damina, mu za mu ba da matasan da za su rubuta. Kuma duk wanda ya yi bincike a ƙasar nan ya dawo ya faɗi sakamakon da Hausa, a rediyo ko a ƙofar mai gari.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Talakawan Sarki, masu sa hannu a takardar da ke haɗe.