Wasiƙa Daga Winnipeg Kan Wayar da Ke Reto a Gaban Mota

Winnipeg, Manitoba, Kanada
Watan Janairu

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji baki ɗaya. Saƙonka ya iso ni tare da hoton motar nan 'yar Kwatano da aka kawo maka, wadda ka tarar da wata baƙar waya mai fulogi mai ƙafa uku tana reto ta cikin ragar gabanta, har yaranka suka kama gardama, wani yana cewa ta cajin batir ce, wani yana cewa motar da lantarki take tafiya. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, domin ni kaina watanni biyu da suka wuce na kwanta a ƙarƙashin mota na ɗaura irin abin da ke ƙarshen wayar nan da hannuna, shi ya sa na zauna in rubuto maka a tsanake.

Wayar ta hita ce, kuma idan ka bi ta da hannu za ta kai ka har jikin bulok ɗin inji. Ƙanwar hitar nan ce da muke jefawa a bokiti mu ɗuma ruwan wanka da hunturu, sai dai ita wannan a cikin ruwan da ke zagaya silinda take zaune. Ina roƙonka kada ka bari wani yaro ya jona ta a soket don ya ga abin da za ta yi. An ƙera ta ne don wutar Kanada da Amurka mai ƙarfin bolt 120, alhali tamu ta gida 230 ce, kuma hitar da ta sha wutar da ta kusa ninka tata za ta fitar da zafin da ya kusa ninka na ƙa'ida sau huɗu, sai ta ƙone, wataƙila ma ta haɗa da wayar.

Dalilin sa ta shi ne sanyin da ba ka taɓa ji ba, kuma ba na yi maka fatan ka ji. A nan Winnipeg ba abin mamaki ba ne a wayi gari cikin Janairu ma'aunin zafi yana nuna digiri 30 ƙasa da sifili. A irin wannan safiya baƙin man inji yakan yi kauri kamar zumar da ta kwana a sanyi, duk da cewa man da muke zubawa a nan, irin su 5W-30, ya fi 20W-50 ɗin da kuka saba da shi tsinkewa nesa ba kusa ba. Batir kuma tun daga digiri 18 ƙasa da sifili ya riga ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, ga shi fetur ba ya son zama tururi a cikin silinda mai sanyin ƙanƙara. Wato an ƙara wa kik nauyin kaya a daidai lokacin da aka rage masa abinci. Ko da injin ya daure ya tashi, daƙiƙoƙin farko yana juyawa ne kafin mai ya hau sama, kuma kai ka fi ni sanin abin da hakan yake yi wa ringi da metal. Hita tana ɗuma ruwan, ruwan ya ɗuma ƙarfen bulok, sai injin ya tashi kamar wanda ya kwana a ɗaki.

Dabarar ma a wannan yankin aka haife ta. Wani injiniyan lantarki mai suna Andrew Freeman, a garin Grand Forks na jihar Dakota ta Arewa da ke kudu da mu a cikin Amurka, shi ne ya ƙirƙiro hitar da ake ɗaurawa a gurbin ɗaya daga notocin kan silinda, ya kuma samu takardar mallakar fasaharsa a 1949. Kafin nan mutane ruwan zafi suke kwarara wa inji, ko su tura kaskon garwashi ƙarƙashinsa. Yau kuwa idan ka shiga filin ajiye motoci na ma'aikata ko na gidajen haya a garin nan, za ka ga gajerun turaku a jere, kowanne da soket, motoci a ɗaure da su da waya kamar dawakai a turke.

Galibin motocin da ake sayarwa a wannan lardin da hitarsu suke zuwa. Tawa ce ta fita daban, domin tsohuwar akori-kura ce ƙirar Chevrolet mai silinda takwas, lita 5.7, wadda ta yi rayuwarta a gaɓar teku wajen Vancouver, inda sanyi ba ya kai wa haka. Da rani na saye ta, kuma ban ko duba gabanta ba. Wata safiya a ƙarshen Nuwamba na murɗa makulli zan tafi aiki, injin ya yi wani nishi sau biyu kamar tsohon da aka tasa daga barci, daga nan sai ƙas-ƙas kawai nake ji. Maƙwabcina, wani dattijo tsohon manomi, ya fito ya leƙa ragar gaban motar, ya tambaye ni ina wayata, na ce wace waya, sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi ne ya ara mini garejinsa mai ɗumi ranar Asabar, ya kuma zauna a kujera yana ba ni umarni.

Hitar da na saya mai ƙarfin wat 600 ce, irin wadda ake sawa a ramin toshiyar bulok. Ka san faya-fayan ƙarfen nan masu kama da murfin gwangwani da ke jere a gefen bulok, waɗanda idan suka yi tsatsa suke yoyo. Mutane a nan suna ɗauka an yi su ne don su fita idan ruwa ya daskare, amma ainihin aikinsu shi ne toshe ramukan da aka zazzage yashi ta cikinsu bayan an zuba narkakken ƙarfe a masana'anta. A injina faɗin ramin ya ɗan haura milimita 41, kuma dole hitar ta zama daidai da shi, domin a wannan aiki babu zancen a lallaɓa.

Da injin ya huce sarai, na cire kan batir, na ɗaga gaban motar da jak na tokare ta da ƙafafun ƙarfe, na kwance lagireto na tare ruwan a baho. A nan na yi wautar farko. Na ɗauka tunda lagireto ya daina zuba to ruwa ya ƙare, ashe na cikin bulok yana nan, sai an kwance ƙaramin notin da ke ƙasan gefensa. Dattijon ya ga ban kwance ba, ya yi shiru abinsa. Na kafa dakusasshen ƙarfe a gefe ɗaya na toshiyar, ba a tsakiya ba, na dinga bugawa da guduma a hankali don ta juya a cikin raminta kamar ƙofa. Tana juyawa kuwa sai ruwa ya kwararo mini ta hannun riga har hammata. Ruwan nan ba na wasa ba ne, domin rabinsa sinadarin hana daskarewa ne, mai zaƙi a baki amma guba, wanda yake kashe kare ko kyanwa idan suka lasa, don haka sai da muka goge dandamalin tas kafin mu ci gaba.

Wurin da ya fi tsayar mini da numfashi shi ne fitar da toshiyar. Da ta juya, gefe ɗaya ya leƙo waje, ɗayan ya shige ciki, kuma da na ƙara bugu ɗaya da ta faɗa cikin hanyar ruwa, inda kamo ta sai an sha wahala. Na cafke leɓenta da filaya, na ɗan jijjiga, na fizgo. Bayan ta fito na naɗe samfefa mai laushi a yatsa na goge bakin ramin har sai da ya yi sumul, saboda zoben roba ne kaɗai zai riƙe ruwan, kuma ƙwayar tsatsa ɗaya ko ƙarzar guduma ta isa ta sa shi ɗiga. Dattijon ya hana ni shafa wa zoben giris, ya ce man fetur da danginsa suna cin roba, sai na jiƙa shi da ruwan lagireto kawai.

Ita hitar faifai ce ta tagulla, a bayanta akwai lanƙwasasshen ƙarfen da ke yin zafi, da wata 'yar sanda mai buɗewa kamar fukafukai idan aka ɗaure sukurun tsakiya, ta kama bangon ramin daga ciki. Takardar da ta zo da ita ta nuna ramin da za a yi amfani da shi, ta kuma nuna inda ƙarfen zai fuskanta da lissafin hannun agogo, domin idan ya taɓa bangon silinda ba zai daɗe ba zai ƙone. Na tura ta da tafin hannu har ta zauna daram, na ɗan juya ta hagu da dama in tabbatar ba ta gogar komai a ciki, sannan na ɗaure. Ɗaurin ɗan kaɗan ake yi, kusan na yatsu. Na san hannunka da sifana, shi ya sa nake jaddada wannan, domin wanda ya saba ɗaure notin taya zai karya sandar cikin ƙiftawar ido.

Jan wayar ya ci lokaci fiye da yadda na zata, saboda dole ta kauce wa bututun salansa da fanka da fambel da sandar sitiyari. Na ɗaɗɗaure ta a wurare biyar, na fito da kanta ta raga. Sannan na mayar da notin bulok, na zuba sabon ruwa rabi da rabi, haɗin da ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, na tayar da injin da murfin lagireto a buɗe har ya yi zafi, iska ta gama fita, na ƙara ciko. Ba a jona hita kafin wannan mataki, domin idan kumfar iska ta kewaye ta, abin da ke samun hitar bokiti idan ruwa ya ƙafe shi zai same ta. Na auna ƙafafun fulogin da mita, ta nuna kusan om 24 a ma'aunin turjiyar da hita ke yi wa wuta, wanda shi ne daidai lissafin wat 600 a wutar bolt 120. Da injin ya huce muka jona, na kara kunne, sai na ji wani siririn sauti kamar butar shayi ta fara ɗaukar zafi.

Ba kwana take yi a kunne ba. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Saskatchewan ya nuna cewa a awa huɗu na farko ruwan yakan ƙaru da kusan digiri 20, abin da ya biyo baya kuwa bai taka kara ya karya ba. Saboda haka na sayi ɗan agogon soket mai kunna kansa, na saita shi ƙarfe uku na dare, kafin in idar da sallar asuba in karya, motar ta shirya. Wayar da ke zuwa daga bango ma sai mai kauri wadda aka yi don waje, kuma ina duba ta kowane mako, domin sanyi yana fasa robarta, tsagaggiyar waya kuwa tana jawo gobarar mota a nan duk shekara. Wauta ta biyu ita ce ranar da na makara, na shiga na yi baya ban cire ba, na ja wayar a titi har sai da wani direba ya dame ni da ham. Tun ranar nake rataya ta a madubin gefen direba, yadda ba zan buɗe ƙofa ban gan ta ba.

Game da motar da ke hannunka, shawarata ita ce ka bar hitar a inda take, tunda yanzu ita ce toshiyar ramin, kuma cire ta yana nufin neman toshiya daidai girmanta a Ƙofar Ruwa. Ka zare wayar daga jikinta idan mai zaruwa ce, in ba haka ba ka naɗe ta ka ɗaure nesa da salansa. Ka haska tocila ka duba kewayen faifan, idan ka ga farin busasshen gishiri ko alamar ɗiga, zoben robar ya gaji ke nan, sai ka canza ta da toshiya tun kafin ta zubar wa mai motar da ruwa a hanyar Zariya. Ka kuma gaya masa ya daina zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, domin sinadarin nan ban da hana daskarewa yana hana tsatsa, kuma tsatsa ce take cin waɗannan toshiyoyi daga ciki.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara, da duk mutanen layinmu. Idan ka kwance wayar, ka turo mini hoton jikin faifan, domin akan buga ƙarfin wat ɗinta a kai, ina so in ga ko irin tawa ce.

Wassalam,
Naka amini, daga Winnipeg