Tiyatar rage nono ba ta kwalliya ce kaɗai ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in taɓo wata magana da mata ke jin nauyin furtawa. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, kuma na gaji da jin ana zagin matan da aka rage wa nono, wai son duniya ne da canza halittar Allah.

Mai faɗin haka bai taɓa ganin kafaɗar irin waɗannan mata ba. Igiyar rigar nono ta ci nama ta yi rami har yatsa na shiga, ƙarƙashin nonon ya saɓule saboda gumi, wuya da gadon baya ba sa rabuwa da ciwo. Ɗiyar yayata da haka ta tashi tun tana budurwa. In ta kwanta rigingine sai ta ce kamar an aza mata buhun gero a ƙirji, dole ta tara filo ta jingina kafin barci ya ɗauke ta.

Huhu ba ya buɗe kansa. Haƙarƙari da tsokar da ke ƙarƙashin huhu su ke buɗa masa wuri, kuma babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. To, a ƙara wa ƙirji kilo biyu ko uku, duk shaƙa sai an ɗaga su, ga ranƙwafawar da nauyin ke jawowa tana ƙara matse wurin. Likitoci sun gwada mata da na'urar auna numfashi kafin aiki da bayansa. Wasu sun ga ƙarfin jan iska ya ƙaru, musamman ga wadda aka cire wa da yawa, wasu kuma bambancin da suka gani kaɗan ne. Ita dai ɗiyar tamu, tun da aka yi mata aikin, yanzu tana hawa bene ba haki. Amma kwanakin farko sai a hankali: zafin ɗinki da ɗaurin bandeji kan sa mace ta riƙa numfashi sama-sama, shi ya sa muke tashin ta zaune ta ja numfashi sosai, ta ɗan taka.

Inda nake jan kunne shi ne, ba kowane haki ne na nono ba. Asma na nan, ƙarancin jini na nan. Mai jego da ke haki, ƙafa ta kumbura, a duba mata zuciya tukuna, don ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a nan Arewa. Aikin kuma yana barin tabo, wanda kan tasa a fatar wasunmu, yana iya rage shayarwa da jin taɓi a kan nonon. Wadda ba ta gama haihuwa ba ta tambayi likita wannan ɓaro-ɓaro.

Masu kawo addini kuwa, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta gyaran nono idan girmansa ya kai ga cuta. Asibitocin koyarwa kamar na Shika da na Malam Aminu Kano suna da likitocin wannan fanni. Ina roƙon ku gayyato ɗaya daga cikinsu shafinku na lafiya ya yi wa mata bayani da Hausa.

Wata tsohuwar nas,
Tudun Wada, Zariya